Wadda Kika Tambaya

Abuja, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga taubashiyata Zinariya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Dutse Uku. Mu ma nan lafiya lau, in ban da idona na hagu da ke ta yi mini hazo. Likita ya ce yanar ido ce, sai an yi aiki. Na ji rasuwar mijinki Malam Bappayo shekara biyar ke nan, ban zo ba, ban aiko ba, kuma ba ni da bakin kare kaina. Allah ya ji ƙansa, ya ba ki haƙuri.

In kin manta da ni, ni ce Firisila jikar Da Pam, yayan kakarki Ngo Kaneng. Ni ce wadda kuka zauna benci ɗaya a firamare a Kabong, kina cinye mini gyaɗa kina cewa haƙƙin taubasai ne. Fiye da shekara ashirin rabonmu, tun rikicin da ya raba unguwanni. An ce zumunta a ƙafa take, to tawa ƙafar ta yi nauyi, shi ya sa na aiko takarda.

Rwang, ƙanin mijina, shi ke kawo kabeji da karas Abuja kowane mako. Ran Asabar ya zo mini da wata gora ta kindirmo mai sitiroberi a ciki. Na sha, na lashe murfin, na ce wa ya yi wannan? Ya ce wata Bafillatana ce a Dutse Uku, ana ce mata Mama Abdul. Da ya kwatanta mini gidan sai na yi ihu, na ce wannan ai ɓarauniyar gyaɗata ce!

Ga abin da ya sa na rubuto. Ina aiki da wata ƙungiya, Kafaɗa da Kafaɗa, muna tallafa wa ƙananan sana'o'i na mata da baƙi da waɗanda ba su da kowa a sama. Bana Jos za mu zo. Wanda aka zaɓa zai samu shago na shekara biyu, da firij mai aiki da hasken rana, da horo na wata uku. Ba ma tambayar addini, ba ma tambayar takardar asalin jiha. Ki rubuto mini yadda sana'ar ta fara da yadda ake yin ta, ni zan cike miki fom da hannuna. Ki ba Rwang amsar.

Ina 'yarki ta fari, Fatimatuzzahra? Rabona da ita tana tatata a gidan Goggo Dije mai riƙonta. Har yanzu kina wannan kunyar taku ta Fulani, ba kya kiran sunanta, ba kya kallon inda take? Kai, ku dai kun iya wahalar da kanku.

Taki,
Firisila Bot

Dutse Uku, Jos, 15 ga Nuwamba

Zuwa ga Firisila,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Takardarki ta same ni ina tsaye a kan tukunyar madara, na karanta har madarar ta yi bori. Allah ya ba ki lafiyar ido. Ni gwiwa ce ke damuna, sanyin Jos ba ya ragwanta wa kowa. Ɗana Abdulmalik yana Zariya yana karatu. Gaisuwar rasuwa na karɓa, ban riƙe ki ba, ni ma ai ban neme ki ba. Maganar gyaɗa kuwa, wanda ya ajiye abinsa a gefen taubashi shi ya so.

Sana'a dai ga ta nan. Bayan rasuwar Malam ba mu da saniya ko ɗaya, sai hannu da sanin nono. Matan ruga suke kawo madara da sassafe, a dafa, a zuba iri, ta kwana. Da a ƙwarya nake sayarwa a ƙofar gida. Daga baya aka gwada zuba sitiroberi, ana sarowa wurin mata manoma a Chaha, ya karɓu. Aka koma zubawa a gora ana manna takarda. Adanna, wata Inyamura mai shagon robobi a Kwararafa, ita ke ba mu gorar. Yanzu ana kaiwa shaguna goma sha ɗaya, har da Kabong inda ni ban taka ba tun wancan lokaci. Babban abokin gabarmu wuta ce. In aka ɗauke ta kwana biyu, sai mu zubar da kaya muna kallo.

Na taɓa neman irin wannan tallafi a wani ofishi. Na yi layi kwana uku, da na isa gaban tebur aka ce ina takardar asalin jiha? Ni da aka binne cibiyata a garin nan, kakata kuma 'yar Birom. Na naɗe takarduna na dawo gida. To in naku ba ya tambaya, Allah ya saka.

Wadda kika tambaya tana nan lafiya. Ta dawo hannuna tana da shekara goma sha biyu, da Goggo ta rasu. Ta yi karatun sarrafa abinci a kwaleji. Tana ɗan taɓa aiki, ba yabo ba fallasa. Kunya kuwa, haka na taras, haka uwata ta yi mini, ban mutu ba.

Amma zan gaya miki abin da ke cina, tunda takarda ba ta da ido. Wani kamfanin madara a Legas ya kira ta aiki, sun ba ta zuwa farkon Fabrairu ta ba da amsa. Ban ce mata je ki ba, ban ce zauna ba, ba hurumina ba ne. Sai dai na san in akwai shago da firij, za ta ga dalilin zama. Shekara goma sha biyu aka raine ta a wani gida, Firisila, ba na so Legas ta cinye sauran. Ba don firij nake roƙonki ba, don wannan ne.

Kada ki kira lambar da ke jikin gorar, tata ce. Tawa wayar ta faɗa tukunyar madara tun bara, ta dahu. Ba na so ta ji maganar sai ta tabbata, kada in sa mata rai a banza.

Taubashiyarki,
Zinariya

Abuja, 18 ga Disamba

Zinariya tawa,

Gaisuwa da murna! Ina fata gwiwa ta yi sauƙi, domin rawa za ki taka. An zaɓe ki. Cikin mutum ɗari huɗu da wani abu aka ɗauki talatin, kina ciki, Adannarki ma tana ciki. Ki yafe jinkirin amsa, na ƙi rubutowa ne sai da na ga ogan ya sa hannu da idona mai kyau.

Da na zauna cike fom ɗin sai da na yi hawaye. Na rubuta labarinki yadda ya dace: mace, mijinta ya rasu, ba saniya, ba gata, an kore ta a ofis, ta tashi ita kaɗai ta ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba a unguwarsu. Wurin sunan mai sana'a na sa naki. Wurin masu taimako na sa mutum ɗaya, tunda kin ce Fatimatuzzahra tana ɗan taɓawa. Kada ki damu, yaran zamani haka suke, in ta ga shago ya buɗe za ta ƙara ƙwazo.

Za a yi taron ba da takardun shaida ran Asabar, 13 ga Janairu, a wani zaure kusa da Kwararafa. Katin gayyata yana cikin ambulan ɗin nan. Za a karanta labarin kowa, a ba shi makirfo ya yi magana, gidan rediyo ma zai ɗauka. Horon wata uku a nan Abuja za a yi, kuma mai sunan ce za ta zo, don haka ki shirya, ɗakin baƙina na jiranki.

Ni ba zan samu zuwa taron ba. Bayan Kirsimeti za a yi mini aikin ido, an ce in kwanta mako uku, ba karatu ba waya. Ki yi ado, ki ɗaga kai, ki nuna musu jikar Ngo Kaneng.

Taki,
Firisila

Dutse Uku, 23 ga Disamba

Firisila,

Ina gaisuwa, Allah ya sa a yi aikin ido a sa'a, ya kai ku Kirsimeti lafiya. Gwiwa da sauƙi. Ki yi haƙuri gaisuwar ta gajarta, hankalina ba a kwance yake ba.

Don girman Allah ki canja sunan nan. Kin yi kuskure, amma ni na ja ki. Ni dafa madara kawai na iya, shi ma tun ina yarinya na iya shi, bai taɓa fitar da mu daga ƙofar gida ba. Duk inda na rubuta miki an gwada, an saro, an kai, mutum ɗaya ce. Ita ta hau mota ta je Chaha ta zauna da manoman har suka yarda da ita. Ita ta yi wata biyu tana gwaji muna zubarwa, har ta gano yadda ɗan itacen ba zai tsinka nonon ba. Ita ta zana takardar jikin gora. Ita ke ɗaukar kula ta shiga Kabong da mayafinta, ta shiga shagon da ake kallonta a karkace ta fito ana ce mata sai gobe. Sana'ar nan tata ce tun daga tushe, ni 'yar aikinta ce, kuma ban taɓa jin daɗin aiki a ƙarƙashin kowa kamar haka ba.

Kin ce in rubuto yadda abin yake. To ta yaya uwa za ta zauna ta jera yabon 'yar fari? A wurinmu wannan rashin ta-ido ne, kuma baki yana kama yaro. Na ɗauka za ki gane. Ashe Abuja ta wanke miki jinin Fulanin da kika samu ta wurin zama da mu.

Katin ya faɗo daga ambulan a gabanta, ita ta ɗauka. Ta karanta, ta ga sunana shi kaɗai da manyan baƙaƙe. Ta ce, “Barka, Adda.” Haka take kirana, kamar yayarta, don Goggo take ce wa Inna. Daga nan ta je ta ciro atamfata ta kai wa tela. Na buɗe baki in ce kuskure ne, za a gyara, sai na fasa. Na ce bari takardar gyara ta zo, ita ta yi magana a madadina.

Sunan da kika rubuta a ƙarshen wasiƙarki ta farko, shi za ki sa, da cikarsa. Horon ma ita za ta je. Ki yi wannan kafin ki kwanta asibiti. Zan ba Rwang yau da hannuna, in ce masa ta gaggawa ce.

Zinariya

Dutse Uku, 15 ga Janairu

Zuwa ga Firisila,

Ina gaishe ki, ya jiki, ya idon? Allah ya sa kaffara ne. Lafiyar jikina ƙalau. Ban ga amsarki ba. Sau biyu na sa Adanna ta kira lambarki, a kashe. Ban sani ba ko takardata ta iso, ko kin ga ba ta da amfani. Ko ma mene ne, an yi taro shekaranjiya, kuma na yi abin da ba zan yafe wa kaina ba.

Mun je da wuri. Na samu yarinyar da ke bakin tebur na ce akwai gyaran suna. Ta ce, “Mama, oga ya riga ya sa hannu, sai bayan taro.” Na zauna. Wadda kika tambaya ta zauna a bayana, tana riƙe da jakata da kular da muka kawo don baƙi su ɗanɗana.

Taron ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Akwai wani Bazabarme mai shayi da ya yi kuka da aka ba shi takarda, ya ce shekara goma sha tara yana garin nan ba a taɓa rubuta sunansa a wani abu ba sai a takardar tara. Akwai matar Tibi mai garin doya, akwai gurguwa mai saƙa rigunan sanyi. Da aka kira Adanna, sai ta daka tsalle, ta ƙwala wa 'ya'yanta kira, “Ugonna! Amara! Ku zo nan!” Ta rungume su a gaban jama'a, ta ce wannan shi ke ɗaukar kaya, wannan ita ce ƙwaƙwalwata. Zaure ya ɗauki tafi. Ni kuwa na sunkuyar da kai, ina jin kunya a madadinta.

Sai aka zo kaina. Mai gabatarwa ya karanta labarin da kika rubuta, kalma bayan kalma, ita kaɗai, ita kaɗai, har sau uku. Ya ce ni na ƙirƙiro kindirmon sitiroberi da hannuna. Na hau da ƙyar saboda gwiwa, ita ta riƙo ni har saman dandamali, ta ja gefe ta tsaya. Mutumin nan mai barkwanci ne, ba shi da mugun nufi. Ya ce, “Mama, wannan kyakkyawar da ta rako ki fa, wace ce? Gaya mana sunanta mu tafa mata.” Ya kawo makirfo daidai bakina.

Firisila, mutum sun fi ɗari uku. A layi na biyu ga ƙannen Malam, ga matan ruga da suka zo taya ni murna, duk sun zuba mini ido. Allah ya ba ni dama a tafin hannu, abin da na roƙe ki ki yi da alƙalami ga shi an ce in yi da baki. Na san abin da ya kamata in faɗa, yana nan a kan harshena. Amma abin da ya fito shi ne abin da na saba faɗa shekara ashirin da bakwai in baƙo ya tambaya. Na ce, “Ba kowa ba ce. Tana ɗan taya ni ne.”

Aka yi dariya, aka tafa. Ita ma ta tafa. Ta riƙo ni muka sauko, ta raba wa baƙi kindirmo har gora ta ƙarshe, tana murmushi. Matan ruga suka ce na yi daidai, na nuna tarbiyya. Adanna ce ta ja ni bayan mota, idonta ja wur, ta ce, “Mama Abdul, wannan abu da ka yi ba shi da kyau. Yarinya naka ne! Ni na san wanda yake zuwa shago na kullum. Ka kashe shi a gaban mutane.” Gaskiya ta faɗa.

Jiya rediyo ya saka taron sau biyu, ana ji a gidan maƙwabta. Magana zarar bunu ce, ta fita ke nan. Ba ta yi mini fushi ba, ba ta canja fuska ba, ta kai kaya shaguna yadda ta saba. Amma da rana na ga ta sauko da akwatinta daga saman kwaba tana goge shi. Zuciyata ta karye, Firisila. Na nemo abin da zai tsayar da ita, shi ne ya zama abin da zai kore ta.

Zinariya

Abuja, 24 ga Janairu

Zinariya 'yar'uwata,

Ina gaisuwa. An yi aikin, an cire bandeji, ina gani, amma da na san abin da zan fara karantawa da na ce a bar shi a rufe. Wasiƙunki biyu tare suka zo ran Litinin. Motar Rwang ta lalace a Akwanga tun jajibirin Kirsimeti, ya bar ta wurin bakanike ya ci gaba da aiki da ta wani, takardarki tana ciki wata guda. Ya durƙusa yana ba ni haƙuri. Ban iya yi masa faɗa ba, don laifina ya fi nasa.

Na sake ɗauko wasiƙarki ta farko na karanta. Komai yana ciki. Kin ce ba don firij kike roƙona ba. Wace uwa ce za ta faɗi haka a kan yarinyar da take ɗan taɓa aiki? Ni da na yi miki tsiyar kunya da bakina, ni ce na karanta ba yabo ba fallasa na ɗauka iyakar maganar ke nan. Mu a wurinmu in yaro ya yi abin kirki a coci ake tashi a faɗa. Na auna ki da mudunmu. Ki gafarce ni.

An gyara sunan jiya. Shago da firij da horo duk sun koma sunan Fatimatuzzahra Bappayo. Sannan na karya dokarki, na kira lambar jikin gora. Na gaya mata komai, na karanta mata abin da kika rubuta a kanta, tun daga Chaha har Kabong. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, “Anti, na gode. Na san al'ada ce, ba na ganin laifinta. Na san tana sona, ina gani a tuwon da take ajiye mini. Amma ke ta rubuta wa, ba ni ba. Kullum sai dai in ji a bakin wani. Ni ban san yadda sunana yake a bakinta ba, ko sau ɗaya. Na gaji da zama wadda ake tambaya.”

Ta karɓi aikin Legas. Motar safe za ta bi ran Asabar, 3 ga Fabrairu. Ta ce a bar miki shagon, za ta rubuta miki yadda ake haɗin.

Zinariya, takarda ta yi iyakar abin da za ta iya, ni ma haka. Kwana goma ya rage. Ban ce ki hau dandamali ba, ban ce ki yi a gaban ƙannen Malam ba. Ku biyu a ɗakin girki, ki buɗe baki ki kira ta. Uwarki ta yi miki ba ki mutu ba, na ji, amma ki gaya mini tsakaninki da Allah ko ba ki taɓa so ta kira ki ba. Ina yi miki addu'a safe da yamma.

Taki har kullum,
Firisila

Dutse Uku, 4 ga Fabrairu

Zuwa ga taubashiyata Firisila,

Ina gaishe ki da kyau, na yi murna ido ya buɗe. Ki gaida mai gidan, ki ce wa Rwang ya daina ɓuya, ban riƙe shi ba. Ke ma babu komai tsakaninmu, alheri kika nufa. Jikina lafiya. Tambayar da kika yi mini a kan uwata, amsar ita ce e, na so, har ranar da aka binne ta.

Na gwada, Firisila, kada ki ce ban gwada ba. In ta fita kai kaya, sai in rufe ƙofar ɗakin girki ina juya madara ina faɗin sunan a hankali. Ranar farko ko rabinsa ban kai ba. Rana ta huɗu ya fita duka, na ji shi baƙo a bakina kamar sabon haƙori. Amma da zarar ta yi sallama ta shigo, sai in ji na ce, “Ke, miƙo mini ludayi.” Kwana tara ina cewa gobe. Ita kuwa tana zaune tana nuna mini awon sukari da na ɗan itace, tana maimaitawa da haƙuri kamar mai koya wa yaro.

Jiya da safe na raka ta tasha, ni da Adanna. Uwa ba ta raka 'yar fari, amma na ce gwiwa ce nake so in motsa. Ta durƙusa ta ce, “Adda, ki yafe mini.” Na ce Allah ya kiyaye hanya, ya yi albarka. Ta ɗan jira, tana durƙushe, na san abin da take jira. Na kalli ƙasa. Ta tashi, ta rungumi Adanna, ta ɗauki jakarta ta nufi mota.

Tasha ta cika, masu lodi na ihu, masu talla na ihu. Ta kai bakin ƙofar motar, ta ɗora ƙafa ɗaya. Ban san daga ina ya fito ba. Na kira shi, duka, tun daga farkonsa har ƙarshensa, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Adanna ta dafe ƙirji.

Ta ji. Ta sauke ƙafar ta juyo da sauri. Ta dubi masu sayar da tikiti, ta dubi matan da ke zaune a benci, ta dubi motar da ke gefe ko wata ƙawarta ce a ciki. Ta ɗaga wuya tana neman mai kiran ta ko'ina. Idonta ya bi ta kaina ya wuce, kamar yadda ake wuce turken wuta. Na buɗe baki in sake, babu abin da ya fito. Direba ya yi ham, ta ɗaga kafaɗa, ta shiga. Ta taga ta ɗaga mana hannu, motar ta fita.

Adanna ta ce bari ta kira ta a waya yanzu ta gaya mata. Na riƙe hannunta na hana. In ta ji a bakin wani, an koma gidan jiya. Ke ma kada ki faɗa mata.

Ta duba kowa a tashar nan, Firisila, har mai sayar da rake. Ni kaɗai ce ba ta duba ba. Kuma ba fushi ba ne, da fushi ne da na samu sauƙi. Bai zo mata a rai ba ne cewa zai iya zama ni.

Taki,
Zinariya